Sukar Asali Zagin Addini Ne?

A Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji, da ƙauyukan Agye da Gazawa, akan bincika asalin mai neman aure: ɗa ne ko jikan bawa, maƙeri ne ko mahauci? Faransa ta haramta cinikin bayi a 1905, Nijar ta mayar da bauta laifi a 2003, amma tambayar na nan daram.

Da ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta tono batun wahaya, matar da ake saye a ajiye bayan mata huɗu, sai masu al'adar suka fake da addini, kamar yadda a Indiya ake kiran masu sukar bambancin asali maƙiyan Hindu.

Tarihi bai goyi bayansu ba. Tun 1615 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa cewa haramun ne bautar da Musulmin Kano da Katsina, kuma daga Katsinar nan sarakunan Maraɗi suka fito. Ashe sukar daga zauren malamai ta faro.

A 2008 kotun CEDEAO ta umarci gwamnatin Nijar ta biya Hadijatu Mani, baiwar Allah daga yankin Ƙonni da aka sayar tana shekara 12, diyyar sefa miliyan 10.