Yawuri da Tafkin Kainji: Tarihin da Ruwa ya Rufe

1.0 Gabatarwa

Garin Yalwa, hedikwatar masarautar Yawuri a Jihar Kebbi, yana bakin tafkin Kainji ta ɓangaren arewa. Masu zuwa yawon buɗe ido a wannan yanki galibi abu biyu ke kawo su, wato shiga kwalekwale da kamun kifi a tafkin, da kuma ganin wuraren da Turawan farko suka ratsa. Wannan maƙala za ta nuna cewa yawancin wuraren da baƙo ke nema suna ƙarƙashin ruwa tun 1968, kuma abin da ya fi cancantar a kula da shi a yau shi ne harsunan mutanen da ruwan ya tasa.

2.0 Yawuri kafin madatsa

Yawuri na cikin ƙasashen da tarihin baka ya kira Banza Bakwai. Tsohuwar fadar tana Birnin Yawuri, sai a ƙarshen ƙarni na 19 sarauta ta zauna a Yalwa. Arzikin ƙasar ya dogara ne ga kogin Kwara, domin a nan ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke samun mashigi. Bayan jihadi Yawuri ta zauna a ƙarƙashin amanar Gwandu, ta riƙe gidan sarautarta na Haɓe.

A shekarar 1806 Mungo Park ya iso Yawuri cikin jirginsa, inda tafintansa Amadi Fatuma ya rabu da shi. Ba da daɗewa ba jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, Park ya nitse tare da sauran mutanensa. Clapperton ya biyo ta Busa a 1826 yana bin diddigin labarin. A 1830 kuma Richard Lander da ƙanensa John suka yi makonni a Yawuri suna neman takardun Park, ba su samu ba, sannan suka gangara daga Busa har bakin teku. Littattafan makaranta sun daɗe suna kiran wannan tafiya gano bakin Kwara, alhali kuwa masunta da matuƙan kwalekwalen da suka ɗauke su sun gaji sanin kogin kaka da kakanni.

3.0 Abin da tafkin ya ci

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwan da ya taru ya yi tsawon kimanin kilomita 130, ya shanye tsohon garin Busa da duwatsun da Park ya halaka a kansu, da babban tsibirin Foge, da wasu tsibirai masu yawa. Fiye da mutum 40,000 aka sauya wa matsuguni, aka gina Sabuwar Busa da ƙauyukan tsugunarwa a gaɓar tafkin. Don haka duk mai kwalekwalen da ya nuna wa baƙo wurin mutuwar Park, saman ruwa kawai yake nuna masa.

Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne Gungawa. Sunan ma na Hausa ne, daga kalmar gungu, wato tsibiri; su kuwa suna kiran kansu Bareshe, harshensu Tsureshe. Sun shahara da noman albasa na rani a tsibiran, suna ban ruwa daga kogi. Zaman tsibiri shi ya kare harshen nasu, domin baƙo ba ya isa gare su sai da jirgi. Da aka fito da su tudu suka haɗa kasuwa da makaranta da auratayya da Hausawa da Sarkawa masunta, sai Hausa ta shiga gidaje, har yara da dama suka tashi da ita a matsayin harshen farko. Lopawa da Larawa, waɗanda ba su kai Gungawa yawa ba, sun shiga irin wannan hali. Shangawa na arewacin Yalwa, masu harshen dangin Mande, mafi yawansu sun riga sun koma Hausa. Abin lura a nan shi ne, masana harshe sun laƙaba wa reshen da Tsureshe da Kambarci da Dakarci suke ciki sunan Kainji, wato sunan tafkin da ya raunana wasu daga cikinsu.

4.0 Baƙo a yau

Gandun namun daji na Kainji, wanda aka haɗa daga dazukan Borgu da Zugurma, ya daɗe yana jan masu kallon gwanki da ɓauna da dorinar kogin Oli. Amma 'yan bindiga sun sami mafaka a dajin, kuma sace ɗalibai a Birnin Yawuri a watan Yuni 2021 ya rage masu zuwa. Tafkin kansa ba abin wasa ba ne: kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suna fasa jirage, kuma a watan Mayu 2021 wani jirgi maƙare da fasinja ya kife kusa da Wara, mutane da yawa suka rasu.

Bikin Rigata na Yawuri, mai tseren kwalekwale da ninƙaya, ya samo asali ne daga jarumtar Gungawa a ruwa. Mai nazarin harshe da ya halarta zai fi ƙaruwa idan ya bar rumfar manyan baƙi ya zauna da dattawan ƙauyukan tsugunarwa, waɗanda aka haifa a tsibiran. Wanda yake da shekara goma a 1968 yau yana gab da saba'in, kuma a bakin irinsu ne sunayen tsibiran da kalmomin noman albasa na Tsureshe suka rage.