Bencin Mai Shayi: Asalin Gardamar Siyasa a Sabon Gari da Samaru

Da an sallame Isha'i a Samaru, benci yakan cika kafin ruwan shayi ya tafasa. Ga ɗan acaɓa ya jingine babur, ga lebura daga gonar gwaji, ga ɗalibin da kuɗinsa bai kai na ƙwai ba, ya ce a yanka masa burodi kawai. Mai shayi na ɗaga kofi sama yana fifita, kafin ya ajiye an riga an sauke gwamna an naɗa wani. Baƙo zai ɗauka zaman kashe wando ne. Amma wannan majalisa tana da kakanni, kuma ba a cikin ganuwar Zazzau aka haife su ba.

Jirgin ƙasa ne ya kawo su. Da layin dogo daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, Turawa suka yanka fili a wajen birni don akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka biyo dogo. Nan Sabon Gari ya tsiro, Yarabawa da Ibo da Nufawa da mutanen Gwalkwas, tare da Hausawan da suka zo ci-rani suka zarce. A birni, talaka ba ya ɗaga murya kan hakimi, don ya san hanyar gidan yari. A Sabon Gari kuwa idon fada bai kai sosai ba, ga kuma jaridun Ikko da jirgi ke saukewa, irin su West African Pilot ta Azikiwe wadda ta fara fitowa a 1937. Mai karatu ɗaya ya karanta, goma su saurara, a fassara, a yi musu.

Sai a watan Janairun 1939 aka samu jaridar da ba ta bukatar tafinta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga Zariya, Abubakar Imam na editan Hausa, kuma shafin wasiƙunta ya koya wa malaman makaranta da akawunan En'e cewa mutum na iya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu a ƙasa. A wannan tsakanin Sa'adu Zungur na koyarwa a makarantar harhaɗa magunguna ta Zariya, yana tara 'yan boko a ƙungiyar tattaunawa da hukuma ba ta sake jiki da ita ba. A 1948 Dakta R.A.B. Dikko ya kira taro a garin, ɗaya daga cikin tarukan da suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama NPC a 1951.

Waɗannan manyan 'yan boko ne. Wadda ta sauko da maganar tsakiyar titi mace ce 'yar Sabon Gari, da ba ta yi nisa a makaranta ba. Sunanta Gambo, an haife ta a 1933, uba mutumin Gana, uwa Banufiya, wato ita kanta hoton unguwar ce. Ta shiga NEPU tun jam'iyyar na jaririya, bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma daga taken jam'iyyar ta samu laƙabin Sawaba. A lokacin da maza ke shiga NEPU a ɓoye don gudun bulalar alkali, ita tana hawa dandamali tana magana kan haraji da auren wuri da 'yancin mata na jefa ƙuri'a. Ana lissafa mata ɗauri sau 16. Matan Arewa ba su yi layin babban zaɓe ba sai 1979, lokacin ta haura shekara 45. Ta rasu a 2001, kuma yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi, a gefen birnin da 'yan dokarsa suka sha kama ta.

Samaru ta biyo wata hanya daban. Ƙauye ne da aka kafa wa tashar binciken noma a 1922, aka yi ta gwajin auduga da gyaɗa. Daga baya kwalejin kimiyya da fasaha ta NCAST ta zo, sannan ranar 4 ga Oktoban 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Titi ɗaya ne, hanyar Sakkwato, ya raba jami'a da gari, kuma duk abin da aka faɗa a ɗakin lacca da safe yakan tsallako titin da yamma. Masinja ya ji, direban malami ya ji, mai wanki ya ji.

A shekarun 1970 da 1980 abin da ake faɗa a ciki mai zafi ne. Yusufu Bala Usman, jikan Sarkin Katsina, yana sashen tarihi yana tone asirin 'yan jari-hujja da masu fakewa da addini, har ya bar aji ya zama sakataren gwamnatin Balarabe Musa ta PRP a Kaduna, gwamnan da majalisar jiha ta tsige a watan Yunin 1981. Patrick Wilmot, ɗan Jamaika mai koyar da ilimin zamantakewa, bakinsa ya sa gwamnatin Babangida ta kore shi daga ƙasar a 1988. Kuma gardamar ba ta tsaya a baki ba. A watan Afrilun 1978, a zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci da ake wa laƙabi da sunan ministan ilimi Kanal Ahmadu Ali, harsashi ya kashe mutane a Samaru. Ranar 23 ga Mayun 1986 aka sake, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta, jami'o'in ƙasar suka ɗauki zafi. Dattawan Samaru ba sa ba da labarin kamar abin da ya faru ga ɗalibai kaɗai, don barkonon tsohuwa bai san katanga ba.

Wani abin lura shi ne yadda kalmomin ɗakin lacca suka sami rigar Hausa a wannan zamani. 'Yan jari-hujja, 'yan mazan jiya, danniya, ra'ayin riƙau, duk suka zama kayan hirar tela da bakanike. Rediyo ya taimaka: sashen Hausa na BBC tun 1957, sannan Rediyon Kaduna, suka sa kowane mai gadi yana da labarin Falasɗinu da Afirka ta Kudu a aljihu.

Teburin mai jarida, inda ake tsayawa a karanta kanun labarai kyauta a yi ta cacar baki, ya kusa zama tarihi tun da wayar salula ta shigo a 2001, Facebook da WhatsApp suka biyo baya. Benci dai bai tashi ba, amma jigon hira ya sauya. Da, ana musu ne kan aƙida, wane ne ɗan Santsi wane ne ɗan Taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta dare. Yanzu mudu ne ma'auni. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota daga Samaru zuwa Kwangila da PZ shi ke buɗe taro, farashin masara a kasuwar Sabon Gari ya rufe shi. A watan Agustan 2024 wannan ƙorafi ya fita titi, har gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya.

Ba za a ce majalisar yau ta fi ta jiya ilimi ba. Saƙon murya da ba a san mai shi ba ya fi littafi saurin yawo, kuma wasu matasan an ɗauke su haya ne, ana saka musu data su kare ubangida. Mata ma, duk da Gambo, har yanzu ba su da wuri a bencin, tasu majalisar tana gidan biki da bakin injin niƙa. Amma a Hayin Dogo ko Muciya, in tsohon ma'aikacin reluwe ya gyara zama ya fara kwatanta kuɗin fanshonsa da na buhun shinkafa, yaran sukan kife wayoyinsu a kan cinya, mai shayi kuma ya rage wutar risho.