Rana, Batir da Janareta: Ina Ribar Ƙananan Tashoshin Lantarki Masu Haɗaka a Nguru da Gashuwa?

Gabatarwa

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, sannan darajar naira ta faɗi bayan sakin ta a kasuwar canji, lissafin duk mai dogaro da janareta a arewacin Yobe ya rikice. Nguru da Gashuwa suna ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Yola, ga su kuma nesa da manyan tashoshin samar da lantarki na ƙasa. Shi ya sa hankali ya karkata ga ƙananan tashoshi masu haɗa farantan sola da batir da janaretan dizal. Matsayin wannan maƙala shi ne, ribar irin wannan tasha ta fi rataya a kan lokacin da ake shan wutarta fiye da yawan hasken da take samu.

Abin da rana ke bayarwa

Yankin yana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Nijeriya: kusan yunit 6 na makamashi ke sauka a kan kowace murabba'in mita a yini. Bayan an cire asarar zafi da waya da inbata, farantai masu ƙarfin kilowat 1 kan ba da yunit 4 zuwa 5 na lantarki a rana. Janareta mai lafiya kuwa yana shan kusan kashi ɗaya cikin uku na litar dizal kafin ya ba da yunit guda. Ke nan kowane kilowat na sola yana iya rage wa mai shi kusan lita ɗaya da rabi kullum, muddin an sha wutar a lokacin da ta samu.

Yanayin wurin yana karɓar nasa kason. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, alhali farantin yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya haura 25. Da hunturu kuma hazo yana dusashe hasken, ƙura tana rufe gilashin, sai an riƙa wankewa.

Inda gizo ke saƙar

Babbar asara tana wajen batir. Batirin dalma da aka saba da shi yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin wurin ajiyarsa ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. Na litiyam ya fi juriya, amma ya fi tsada, kuma da dala ake shigo da shi. Duk yunit ɗin da aka adana don dare yana ɗauke da kuɗin lalacewar batir, ga kuma abin da ke zurarewa wajen caji da sauke caji. Tashar da aka gina don fitilu da fankoki da talabijin na dare kaɗai, wutarta mafi araha tana tafiya a banza da tsakar rana, mafi tsada ita ake sayarwa bayan magariba.

Sa'ar da yankin ya yi ita ce sana'o'insa na rana ne. Fadamun Haɗeja-Nguru da bakin kogin Yobe a Gashuwa suna cike da injinan ban ruwa na noman rani. Akwai masu casar shinkafa da masu niƙa, da masu walda, da masu ƙanƙara da masunta ke buƙata. Waɗannan suna shan wuta kai tsaye daga faranti, ba sai ta kwana a batir ba. Hujjar nan ce ta sa jami'o'i suka dace da tsarin, domin ofisoshi da azuzuwa da ɗakunan gwaji da rana suke aiki. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta buɗe tasha mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019, ta kuma sanya Jami'ar Tarayya ta Gashuwa cikin zango na biyu na shirin samar wa jami'o'i lantarki, wanda Bankin Duniya ya tallafa.

Wani zai ce asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ba shi da zaɓin lokaci. Gaskiya ne, kuma a nan amfanin haɗakar yake fitowa: gara janareta ya ɗauki nauyin 'yan sa'o'in dare da ranakun hadari a kan a tara batiran da ba za a iya sauyawa ba in sun mutu. Ƙara injin iska kuwa yana buƙatar awon iskar wurin na aƙalla shekara guda. Shekarun da tashar iska mai megawat 10 ta Lambar Rimi a Katsina ta ɗauka kafin kammaluwa sun isa gargaɗi.

Kammalawa

Ƙa'idojin hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, sun sauƙaƙa hanya, domin tashar da ba ta haɗe da layin wutar ƙasa kuma ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take buƙata. Abin da ya rage shi ne tsari. Kafin a sayi faranti ko ɗaya, a ƙidaya injinan da ke aiki da rana, a sa wa wutar rana farashi mai rahusa ta mitar biya-kafin-sha, a ware kuɗin sauya batir tun daga watan farko, a kuma horar da matasan garin kan gyara. Gwamnatin Yobe da masu zuba jari su fara da kasuwanni da fadamu, domin ribar can ce za ta ɗauki nauyin wutar gidaje.