Gwale: Tarihin da Sunayen Unguwanni Suka Adana

Duk wanda yake son karanta tarihin Kano ba tare da ya buɗe littafi ba, ina ganin ya isa ya bi sunayen unguwannin Gwale ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna yana ɗauke da labarin waɗanda suka fara zama a wurin, ko na sarautar da ta yi iko da shi.

Mandawari ita ce mafi bayyana. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, kuma a cikinsu akwai malami mai suna Mandawali, wanda aka naɗa limami. Masana na danganta sunan unguwar da shi. Galadanci kuwa sunanta ya fito ne daga sarautar Galadima, domin a nan gidan Galadiman Kano yake. Ta haka malanta da sarauta suka zauna maƙwabta a cikin birni guda. Goron Dutse ta samo suna daga dutsen da ke tsaye a yammacin Dala.

Badala ita ce ta haɗa waɗannan unguwanni. Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gininta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki (1618–1623) ya ƙara. Ta wannan ɓangare na yamma, wajen Ƙofar Kabuga, sojojin Ingila suka kutsa cikin birni a watan Fabrairun 1903. Daga baya gari ya tsallake ganuwa. Ɗorayi, inda sarakunan Kano suke da gida da gandu, ta cika da jama'a, tsohon matsugunin Jami'ar Bayero kuma ya kafu a bakin titin da ya nufi Kabuga.

Abin da ke damuna shi ne yadda shaidun da ake gani da ido suke ɓacewa. An yanka sassan badala an gina shaguna da gidaje. Kududdufai, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar ginin birni, kuma suke karɓar ruwan damina, ana ta cike su, shi ya sa ambaliya take shiga lunguna. Idan ganuwa ta tafi, sunaye ne kaɗai za su rage, su ma ba su da amfani ga yaron da bai san ma'anarsu ba.

Saboda haka nake ganin wajibi ne mu ɗalibai mu zauna da masu unguwanni, limamai da tsofaffin mata, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye. Makarantun firamare na Diso, Gyaranya da Dandago su riƙa koya wa yara asalin sunan unguwarsu, kamar yadda ake koya musu sunayen jihohin Najeriya.