Asalin harshen damo a cikin Ingilishi

Masana nahawun Hausa kan kira kalma ko jimla mai ɗauke da ma'ana biyu « harshen damo », domin harshen wannan dabba a rabe yake gida biyu. Babu harshen da ya kuɓuta daga wannan hali, amma Ingilishi ya samu kaso mai tsoka, kuma dalilan haka suna cikin tarihin ƙasar Ingila.

Dalili na farko shi ne aro. Tun ƙarshen ƙarni na 8 mayaƙan Sikandinabiya suka fara kai hari a tsibirin, daga baya suka zauna da harshensu. A shekarar 1066 kuma Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru aru-aru. Kalmomi masu asali dabam-dabam suka haɗu a siffa guda. Kalmar « bank » mai nufin gaɓar kogi daga Sikandinabiya ta zo, amma « bank » ta ajiyar kuɗi daga Italiyanci ta fito, inda « banca » ke nufin bencin ɗan canji, ta biyo ta Faransanci. Ita ce Hausa ta ara ta ce banki.

Na biyu shi ne sauyin lafazi. Wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Ingilishi suka sauya furuci. A tsakiyar wannan sauyi, a 1476, Wiliyam Kakston ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, sannu a hankali rubutu ya daskare, alhali baki bai daina sauyawa ba. A da kunne yana bambanta « meat », nama, da « meet », haɗuwa. Daga baya suka zama sauti ɗaya. Haka « knight », jarumi mahayin doki, ta yar da sautin baƙin farko a ƙarni na 17, ta koma daidai da « night », dare.

Na uku, wanda ya fi shafar jimla, shi ne zubewar ɗafa-ƙeya. A tsohon Ingilishi ƙarshen suna yakan nuna ko shi ne mai aiki ko wanda aikin ya faɗa wa. Waɗannan alamomi sun zube kusan duka, har kalma guda ta iya zama suna ko aikatau. Jimlar « I saw her duck » tana iya nufin « na ga agwagwarta », tana kuma iya nufin « na gan ta ta sunkuya ». Wakilin suna « thou » ma ya fita daga maganar yau da kullum a ƙarni na 17, sai « you » ta ɗauki nauyin abin da Bahaushe ke rarrabewa da kai, ke da ku.

Wannan gado ya wuce wasa ƙwaƙwalwa a aji. A watan Nuwamba na 1952, a Koroidon, kudancin Landan, ƴan sanda suka rutsa da samari biyu a saman rufin wani gidan ajiyar kaya. Suka ba da shaida cewa Derek Bentley, mai shekara 19, ya ce wa abokinsa mai riƙe da bindiga : « Let him have it ». Maganar tana iya nufin « miƙa masa ita », tana iya nufin « harbe shi ». An kashe ɗan sanda guda a daren. Bentley ya musanta furta maganar, amma aka rataye shi ranar 28 ga Janairu 1953, shi kuwa mai harbin, ɗan shekara 16, ƙuruciya ta tsirar da shi daga igiya. Sai a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Haka kuma ƙuduri mai lamba 242 da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 22 ga Nuwamba 1967. Nassin Ingilishi ya nemi Isra'ila ta janye « from territories occupied », ba tare da « the » ba, na Faransanci kuwa ya ce « des territoires occupés ». Isra'ila ta riƙe cewa ba dukkan yankunan ake nufi ba, ƙasashen Larabawa suka tsaya a kan dukkansu ne.

Malamin da ke koyar da harsuna a Maraɗi ko Damagaram yana da tsani a hannunsa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka « gari » na mazauna da « gari » na tuwo siffarsu ɗaya a takarda, kuma ɗalibi yana rarrabe su ta duban kalmomin da ke kewaye da su. Wannan dabara da ya riga ya saba da ita a harshen uwa, ita ya kamata a nuna masa ya ɗauka idan ya shiga darasin Ingilishi.