Baburan da suka ari sunayen jiragen yaƙi da makamai

Wanda ya duba jerin baburan da kamfanin BSA na Birtaniya ya fitar tsakanin 1957 da 1970 zai ɗauka sunayen jiragen rundunar sojan sama yake karantawa: Spitfire, Lightning, Thunderbolt, Hornet, Rocket. Al'adar raɗa wa babur sunan kayan yaƙi ta girmi Yaƙin Duniya na Biyu, amma bayan 1945 ne ta bunƙasa, kuma ba a kowace ƙasa ta bi hanya ɗaya ba.

Tushenta yana cikin tarihin masana'antun kansu. An kafa BSA a birnin Birmingham a 1861 domin ƙera bindigogi, kuma ma'anar cikakken sunansa ita ce kamfanin ƙananan makamai na Birmingham. Tambarinsa bindigogi uku ne da aka jingine da juna. A lokacin yaƙin, shi ne ya ƙera ɗimbin bindigogin Browning masu sarrafa kansu da aka ɗora a fukafukan jiragen Spitfire da Hurricane, ya kuma samar wa sojoji baburan M20 kimanin 126,000. A daren 19 ga Nuwamba 1940 jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai a kan masana'antarsa da ke Small Heath, ma'aikata 53 suka rasa rayukansu. Don haka da kamfanin ya rubuta Spitfire a jikin babur, ba aron tarihin wasu ya yi ba. Matasan Birtaniya da Amurka da ke sayen baburan kuwa sun taso suna jin labarin waɗannan jirage a bakin iyayensu, sunan kaɗai ya isa talla.

Royal Enfield ma daga nan ya fito. Ya samo sunansa ne daga kwangilar samar da sassan bindiga ga masana'antar makamai ta gwamnati da ke Enfield, kuma takensa na kasuwanci yana cewa an ƙera babur ɗin tamkar yadda ake ƙera bindiga. A farkon shekarun 1930 ya fito da Bullet, wato harsashi. A 1955 aka fara harhaɗa shi a Madras, wadda yanzu ake kira Chennai, domin biyan bukatar sojojin Indiya. Masana'antun kamfanin na Ingila sun rufe zuwa 1970, amma Bullet bai daina fitowa daga Indiya ba har yau, abin da ya sa ake lissafa shi a matsayin babur mafi daɗewa ana ƙerawa ba yankewa. Triumph kuwa ya sayar da X-75 Hurricane a 1973, sannan a 2004 ya farfaɗo da sunan Rocket a kan babur mai injin cc 2,294.

A ƙasashen da aka ci da yaƙi, labarin ya juya. An hana kamfanonin jiragen Japan da Jamus ƙera jirage, masana'antun Italiya kuma sun zama kufai, sai injiniyoyinsu suka koma kan abin hawa mai ƙafa biyu. Sunayen da suka zaɓa babu ƙamshin albarushi a cikinsu. Magajin kamfanin Nakajima, wanda ya ƙera jiragen yaƙin Japan, ya fitar da ƙaramin babur a 1946 ya sa masa Rabbit, wato zomo. Mitsubishi, mai jirgin Zero da ya addabi Amurkawa a tekun Fasifik, ya kira nasa Silver Pigeon, tantabarar azurfa. A Italiya, Piaggio da ya ƙera jirgin jefa bama-bamai na P.108 ya ba injiniyan jirage Corradino D'Ascanio aikin zana babur mai sauƙin hawa, aka sami Vespa a wannan shekarar, kalmar da ke nufin zanzaro. Wannan dai ita ce Basfar da ta daɗe tana yawo a titunan Kano da Zariya. Mutanen da suka ga biranensu sun ƙone ba sa bukatar a tuna musu da jirgin yaƙi duk lokacin da za su tafi kasuwa.

Daga baya Japan ta waiwayi makami, amma ko a nan ta tsallake yaƙin zamani ta koma zamanin da. Suzuki ya fitar da Katana a 1981, sunan takobin mayaƙan samurai, Kawasaki ya biyo da Ninja a 1984. Honda ne ya ɗauki sunan jirgin soja kai tsaye a 1996 da Super Blackbird, amma jirgin na Amurka ne: SR-71 Blackbird, mai leƙen asiri, wanda ke gudu fiye da ninki uku na saurin sauti. Babur ɗin ya zama mafi sauri a kasuwa, har Suzuki ya mayar da martani a 1999 da Hayabusa mai haura kilomita 300 a sa'a. Hayabusa wani nau'in shaho ne, kuma daga cikin tsuntsayen da yake farauta akwai baƙin tsuntsun da ake kira blackbird da Turanci. Habaicin a fili yake. Gaskiya ne cewa jirgin yaƙin Nakajima Ki-43 ma Hayabusa ake kiransa, sai dai tsuntsun ne Suzuki ya nuna a matsayin mafarin sunan.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da masu sha'awar babura kan yi, wato ɗaukar kowane dacen suna a matsayin hujja. Kalmomi irin su walƙiya da tsawa da guguwa suna nan kafin a ƙirƙiro jirgin sama, kuma mai talla yana iya zaɓarsu domin ƙarfin da ke cikinsu kawai. Fitaccen misali shi ne Fat Boy na Harley-Davidson da ya fito a 1990. An daɗe ana yaɗa cewa an haɗa sunan ne daga Little Boy da Fat Man, bama-baman nukiliya da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki a ranakun 6 da 9 ga Agusta 1945, wai domin a muzanta masu ƙera babura na Japan. Kamfanin ya musanta wannan, ya ce faɗin babur ɗin da ƙibarsa ne suka jawo sunan, kuma masu binciken jita-jita ba su sami wata shaida da ta goyi bayan zargin ba.

Inda babu shakka shi ne wajen wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Confederate, wanda ya zauna a wata Birmingham ɗin, ta jihar Alabama. Ya sa wa baburansa Hellcat, sunan jirgin sojan ruwa na Grumman, da P51 Combat Fighter mai tuna jirgin Mustang. Abin da ya dame shi a kasuwa bai shafi jirage ba, sunan kamfanin ne, domin yana tuna jihohin kudu da suka yi yaƙin basasa don kare bautar da baƙar fata. A 2017 ya sauya suna zuwa Curtiss, domin tunawa da Glenn Curtiss, wanda ya yi gudun mil 136 a sa'a a kan babur a 1907 kafin ya koma ƙera jirage. Babur na farko da ya fito da sabon sunan shi ne Warhawk, wanda aka aro daga jirgin yaƙin P-40 na kamfanin Curtiss na asali.