Jerin sunaye a Ingilishi: tsohuwar ƙira, sabon tsawo

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi da Hausa, ya yi karatu da Faransanci, yakan yi tuntuɓe in ya tarar da irin « air traffic control system » a littafin Ingilishi: sunaye 4 a jere, babu mahaɗi ko ɗaya. Akan ce wannan gādo ne daga harsunan Jamusawa. Abin da za mu nuna a nan shi ne, ƙirar ce kaɗai tsohuwa. Tsawon jerin kuwa bai bunƙasa ba sai a ƙarni na 20.

2. Kafin 1066 da bayanta

Tsohon Ingilishi yana harɗa sunaye, amma galibi biyu-biyu, jigo a ƙarshe. « Hlafweard », wato mai tsaron gurasa, shi ne ya tsuke ya zama « lord ». « Wifmann » ya zama « woman ». A lokacin kuma suna yana ɗauke da ɗafin da ke nuna matsayinsa cikin jimla: « dæges eage », idon rana, shi ne asalin sunan furen « daisy », kuma -es ɗin nan alamar mallaka ce.

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a. A ƙarnonin da suka biyo, yawancin ɗafe-ɗafen suna suka zube, « of » ta ɗauki babban kaso na aikin mallaka, kamar « de » ta Faransanci. Har tsarin da ke sa jigo a gaba ya bar sawunsa cikin kalmomin shari'a irin su « attorney general » da « court martial ». Saboda haka, ɗaruruwan shekaru marubucin Ingilishi ya fi dogara da « of » da ƴan'uwanta in zai danganta suna da suna.

3. Ƙarni na 20

Douglas Biber da Bethany Gray, a littafinsu na 2016, sun bi rubuce-rubucen ilimi tun daga ƙarni na 18. Sun gano cewa ɗora suna a gaban suna bai yawaita ba a farko, sai a ƙarni na 20 ya haɓaka ƙwarai, musamman a rubutun kimiyya da na jarida. Dalili a fili yake: kan labari ba shi da fili, masani kuma yana rubuta wa ƴan'uwansa masana, waɗanda ba sa bukatar a fayyace masu dangantakar kalmomi.

Masana nahawu sun biyo baya. Robert Lees a 1960 ya ce kowane harɗaɗɗen suna taƙaitacciyar jimla ce. Judith Levi a 1978 ta tattara dangantakar da ake sharewa cikin rukuni 9. Ta ɓangaren Faransanci, Émile Benveniste a 1966 ya raɗa wa irin « chemin de fer » suna « synapsie »: jigo a gaba, mahaɗi a bayyane. Nan Hausa ta fi kusa: filin jirgin sama.

4. Abin da taƙaitawa ta ci

Ba ɓoye ma'anar dangantaka ne matsalar ba, don Hausa ma tana yin haka: man gyaɗa daga gyaɗa yake, man fitila kuwa don fitila aka yi shi. Abin da Ingilishi ya rasa shi ne alamar gaɓa. « Village school teacher » na iya zama malamin makarantar ƙauye, ko malamin makaranta na ƙauye. Hausa ta raba su da -r da na, Ingilishi a rubuce bai raba ba. Sunaye 3 suna karɓar rabo iri 2, sunaye 4 iri 5, sunaye 5 iri 14.

Inda kuskure ke iya cin rai, an ɗauki mataki. A 1986 ƙungiyar masu ƙera jiragen sama ta Turai, AECMA, ta fitar da ƙa'idar sassauƙan Ingilishi don littattafan gyaran jirgi, wadda a yau ake kira ASD-STE100. Ɗaya daga dokokinta ita ce kada jerin sunaye ya wuce kalma 3.

5. Kammalawa

Tunda dogon jeri al'adar wani irin rubutu ce, ba jinin harshen ba, to koyar da shi ake yi, har ga ƴaƴan Ingilishi. Ɗalibanmu, da harsunansu biyu duka suka saba masu da jigo a gaba, ya kamata a horar da su su faro daga sunan ƙarshe su yo baya, suna maido da -n da -r da na da ta a kowace gaɓa. Duk inda suka rasa wadda za su sa, to can ne marubucin ya bar wa mai karatu aikinsa.